Karatun Gudanar da Asibiti a Burkina Faso: Yadda Ake Auna Albashi da Bashi Kafin a Shiga



A 'yan shekarun nan tambaya ɗaya tana yawan zuwa daga iyaye da ɗalibai na Gounghin da Zongo da sauran unguwannin Wagadugu: yaro ko yarinya sun ga sanarwar wata makaranta mai koyar da gudanar da asibiti, kuɗin karatun ya fi ƙarfin gida, to ko ya dace a ci bashi a biya? Tambayar tana da fuska biyu. Akwai ta lissafi, wato ko abin da za a samu bayan karatun zai mayar da abin da aka kashe. Akwai kuma ta shari'a, wato wane bashi ne ya halatta, kuma da waɗanne sharuɗɗa. Wannan bayani ya tattara abin da ya kamata a sani a fuskokin biyu. Duk adadin kuɗi a nan da faran sefa aka rubuta shi, kamar yadda yake a takardar makaranta, ba da ƙirgen dala na kasuwa ba.

Mene ne aikin mai gudanar da asibiti?

Mai wannan aiki ba ya duba maras lafiya, ba ya yin allura, ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne duk abin da ke sa asibiti ya tsaya da ƙafarsa: tsara kasafin kuɗi, karɓar kuɗin jinya da ba da rasit, sayen kaya da lura da sito, biyan ma'aikata da tsara hutunsu, adana takardun marasa lafiya, gyaran injin wuta da motar ɗaukar marasa lafiya, da rubuta rahoto ga hukuma. Idan likita ya shiga ɗakin tiyata ya tarar babu safar hannu, ko wuta ta ɗauke babu man janareto, sau da yawa a ofishin gudanarwa matsalar ta faro.

Aikin tsoho ne a tarihin Musulmi. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da waƙafi mai ciyar da shi, da naziri mai kula da dukiyarsa, da magatakarda masu rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Kula da lafiyar jama'a farilla ce ta kifaya, kuma abin da farilla ba ta cika sai da shi, shi ma yana ɗaukar hukuncinta.

A Burkina Faso tsarin lafiya na gwamnati hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye da ake kira CSPS. Sama da ita akwai CMA mai ɗakin tiyata a matakin gunduma, sai CHR na jiha, sai manyan asibitocin koyarwa, CHU, irin su Yalgado Ouédraogo, da Bogodogo, da Tengandogo, da asibitin yara na Charles de Gaulle a Wagadugu, da Souro Sanou a Bobo-Dioulasso. Abubuwa uku sun ƙara yawan aikin takarda da lissafi a wannan tsari. Na farko, Shirin Bamako na 1987, wanda ya kawo biyan kuɗin magani a ƙananan likitoci tare da kwamitocin jama'a masu kula da asusun, wato COGES. Daga baya aka kafa CAMEG a 1992 don sayo magunguna masu rahusa da rarraba su. Na biyu, jinya kyauta ga mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2016, wadda ke bukatar kowace likita ta rubuta abin da ta kashe don gwamnati ta biya ta. Na uku, dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa ta 2015, da asusun CNAMU da aka kafa a 2018 don aiwatar da ita. Saboda haka bukatar masu iya lissafin asibiti gaskiya ce. Sai dai samuwar bukata daban, samun gurbin aiki mai albashi daban.

Takardun shaida ba ɗaya ba ne

A nan ne mutane da yawa ke yin hasarar kuɗinsu, domin a bakin jama'a kowace takarda "difloma" ce. Amma iri uku ne.

Na farko, takardar halarta ko ta ɗan gajeren horo, wadda Faransanci ke kira attestation ko certificat. Ana samunta bayan mako kaɗan ko wata kaɗan. Tana ƙara wa mutum sani, tana ƙawata takardun neman aiki, amma ba ta canza matsayin ma'aikacin gwamnati a tsarin albashi, kuma ba ta maye gurbin takardar da ake nema don shiga gasar ɗaukar aiki.

Na biyu, takardar gwamnati ta makarantar horar da ma'aikata. Babbar makarantar wannan fanni ita ce ENSP, makarantar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, mai rassa a garuruwa irin su Bobo-Dioulasso da Koudougou da Ouahigouya. Ban da masu jinya da ungozomomi, tana horar da ma'aikatan gudanarwa na asibiti, irin masu matsakaicin matsayi da ake kira gestionnaire.

Na uku, digirin jami'a: lisans bayan shekara 3 da samun bak, masta bayan shekara 5. Jami'o'in gwamnati da manyan makarantu masu zaman kansu suna bayar da su a fannin gudanarwa da tattalin arziki da kiwon lafiyar jama'a. A wajen ƙasa akwai CESAG ta Dakar, wadda ta daɗe tana horar da masu gudanar da ayyukan lafiya na ƙasashen yankinmu. Hukumar da ke tantance darajar digiri tsakanin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ita ce CAMES, wadda aka kafa a 1968, kuma hedkwatarta tana nan Wagadugu. A lura: CAMES digiri-digiri take amincewa da shi, ba makaranta dungurungum ba. Makaranta tana iya samun amincewa a fannin akanta alhali sabon fanninta na gudanar da asibiti bai samu ba, kuma tambarin yana nan manne a allon ƙofarta.

Akwai kuma kwasa-kwasan intanet na makarantun Faransa da Beljiyam. Farashinsu da yuro yake, yuro ɗaya kuwa faran 655.957 ne, don haka kwas na yuro 1,000 ya kusa faran 656,000. Kafin a biya, a tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi ko tana daidaita wannan takarda da ta gida.

Ƙofofin shiga

Ƙofa ta farko ita ce gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, konkur, da ake yi duk shekara. Wanda ya ci, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin horonsa, tana ba shi ɗan abin kashewa, kuma idan ya gama aiki yana jiransa. Ba a bukatar bashi a wannan hanya sai kuɗin shiri da na takardu. Wahalarta ita ce cunkoso: a 2022 da 2023 takardun neman shiga sun kai kimanin miliyan 2 a kowace shekara, guraben kuwa ba su kai 10,000 ba, ko da yake mutum ɗaya yakan nemi gasa da yawa. Akwai kuma iyakar shekaru, wadda galibi 18 ce zuwa 37. Kowace shekara sanarwar ma'aikatar ƙwadago da ma'aikatan gwamnati ce ke faɗin fannonin da aka buɗe da yawan gurabensu, kuma ba dole ne a buɗe fannin gudanar da asibiti kowace shekara ba.

Ƙofa ta biyu ta wanda ya riga ya zama ma'aikaci ce. Bayan ya cika shekarun aiki da doka ta ƙayyade, yana shiga gasar ƙarin girma, ya koma makaranta da albashinsa, ya fito a matsayi na sama.

Ƙofa ta uku ita ce biyan kuɗi da kai, ko a makarantar gwamnati da ke karɓar ɗalibai masu biya, ko a makaranta mai zaman kanta. A nan ne maganar bashi ke tasowa. Abin da ya wajaba a fahimta shi ne, wanda ya biya wa kansa ba shi da alkawarin aiki daga gwamnati, ko da a aji ɗaya ya zauna da waɗanda suka ci konkur.

Ina aikin yake, kuma nawa ake samu?

Masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci huɗu ne: gwamnati, asibitoci masu zaman kansu, har da na addini irin su Saint Camille da Paul VI da Schiphra da likitocin ƙungiyoyin Musulmi, ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, sai kamfanonin inshora da manyan dillalan magani.

A gwamnati albashi yana bin rukuni, A ko B ko C, da mataki, sannan a ƙara alawus na gida da na wahalar aiki. A tsaye yake, yana zuwa duk wata, kuma akwai fansho ta asusun CARFO. A ƙananan kilinik masu zaman kansu albashi ciniki ne tsakanin mai gida da ma'aikaci. Doka ta sa ƙasa kawai, wato mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga daga faran 30,684 zuwa 45,000 a 2023. Sau da yawa mai kilinik ɗin, ko matarsa, ko ƙanensa, shi ke riƙe da asusu, sai a ɗauki mai takarda a matsayin mai karɓar kuɗi ko sakatare. Ƙungiyoyin agaji sun fi biya, amma kwantiraginsu na wata 6 ne ko shekara ɗaya, suna neman wanda ya taɓa aiki, kuma aikin yana ƙarewa ranar da kuɗin mai tallafi ya ƙare.

Kada ɗalibi ya ɗauki adadin albashi daga bakin mai tallar makaranta. Ya nemi mutum uku da suka gama wannan kwas ɗin a wannan makarantar shekara biyu ko uku da suka wuce, ya tambaye su: wata nawa suka zauna kafin su samu aiki, wane aiki suke yi, kuma nawa ke shiga hannunsu bayan an cire harajin albashi na IUTS da kason CNSS. Abin da ke shiga hannu shi ake biyan bashi da shi. Makarantar da ta kasa nuna tsofaffin ɗalibanta uku masu aiki ta riga ta ba da amsa.

Ainihin kuɗin karatu

Kuɗin makaranta ɓangare ne kawai. Cikakken lissafi ya ƙunshi kuɗin rajista da na jarrabawa, littattafai da fotokofi da kuɗin intanet, kwamfuta idan ana bukata, man babur, kuɗin rubuta kundin ƙarshe da kare shi, sannan abin da aka fi mantawa: kuɗin da mutum zai rasa saboda barin sana'arsa lokacin darasi da lokacin sitaj, wanda galibi ba a biya.

Ga misali da aka ƙaddara don nuna hanyar lissafi; kowa ya sa nasa adadin. Wata baiwar Allah tana sayar da magani a wata ƙaramar kilinik, albashinta 60,000 a wata. Ta ga kwas na yamma na shekara ɗaya.

- Kuɗin makaranta: 450,000
- Rajista da jarrabawa: 25,000
- Littattafai, fotokofi, intanet: 50,000
- Man babur, 10,000 a wata har wata 10: 100,000
- Sitaj na wata 2 babu albashi: 120,000

Jimla: 745,000.

Yanzu a tambaya: nawa albashinta zai ƙaru? Ƙarin shi ne ribar karatun, domin 60,000 ɗin farko tana samunsu ko ba ta yi kwas ba. Idan ya koma 90,000, ƙarin 30,000 ne, kuma sai bayan wata 25 za ta mayar da abin da ta kashe. Idan ta jira wata 8 kafin ƙarin ya zo, ya zama wata 33 daga ranar gamawa. Idan kuwa 10,000 kawai aka ƙara mata, sai ta yi sama da shekara 6. Idan ba a ƙara komai ba, kuɗin ya tafi, sai ilimin da ta samu. Mai hankali yana yin lissafi uku: na kyakkyawan zato, na tsakiya, da na mummunan hali. Da na ƙarshen ake yanke shawarar bashi, domin mai bin bashi zai zo ko aiki ya samu ko bai samu ba.

A ce ta ranci 500,000. Idan rance ne maras ruwa na wata 24, za ta riƙa biyan kimanin 20,800 duk wata, wato kashi 35 cikin 100 na albashinta na yanzu. Idan aka ba ta wata 36, biyan ya sauko zuwa kimanin 13,900, kashi 23 cikin 100. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannu. Ga mai iyali da kuɗin haya, ko ukun ma ya yi nauyi. Idan kuwa da ruwa ta karɓa, a 2014 hukumomin kuɗin sefa na Afirka ta Yamma sun sa iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, da kashi 24 ga ƙananan asusun ba da rance. A kan kashi 24, faran 500,000 na wata 24 yana zama kimanin 26,400 duk wata, jimla kimanin 634,000. Ƙarin 134,000 ke nan, fiye da albashinta na wata biyu, kuma biyan wata-wata ya cinye kashi 44 cikin 100 na abin da take samu. Wani mai ba da rance zai ce ruwansa kashi 12 ne kacal, amma yana lissafa shi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshen wa'adi, ko da an biya rabi. Irin wannan a haƙiƙa ya haura kashi 21.

Hukuncin bashi a shari'a

Cin bashi halal ne ga mai bukata da ke da niyyar biya kuma yake da hanyar da yake sa ran biya da ita. Manzon Allah (SAW) ya ci bashi ya biya da abin da ya fi kyau, kuma ya yabi masu kyautata biya. Tare da haka, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, kuma ya bayyana dalili: mai bashi yakan kai ga yin ƙarya da saɓa alkawari. An taɓa kawo gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma sanar cewa jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan gaskiya ne, amma bai sauƙaƙa nauyinsa ranar hisabi ba.

Ruwa a kan rance shi ne riba, wadda aya ta 275 zuwa ta 279 na Suratul Baƙara suka haramta da mafi tsananin lafazi. Ƙa'idar da malaman mazhabobi suka haɗu a kanta, wadda kuma ɗalibanmu suka sani daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ita ce rancen da aka sharɗanta ya jawo amfani ga mai bayarwa bai halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta tabbatar cewa ruwan banki yana cikin wannan hukunci, kaɗan ne ko mai yawa. A zamanta na Amman a 1986 ta halatta karɓar kuɗin hidimar rance matuƙar bai wuce ainihin abin da aka kashe wajen aikin takardu ba. Abin da ya wuce haka riba ne da aka sauya wa suna.

Wasu suna kafa hujja da larura. Larura a shari'a ita ce halin da ake tsoron halaka ko cuta mai tsanani kuma babu wata mafita. Neman takardar da za ta ƙara albashi abu ne mai kyau, amma bai kai wannan matsayi ba, tunda ana iya jinkirta shi shekara ɗaya, ko a bi ta konkur, ko a tara kuɗin. Wanda yake ganin halinsa na daban ne, ya kai maganarsa ga malami amintacce da takardar yarjejeniyar a hannu, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Abubuwa biyu kuma ana yawan rikita su. Idan makaranta ta ce kuɗinta 450,000 ne a biya lokaci ɗaya, 480,000 a biya kashi-kashi, kuma aka ƙulla a kan ɗaya tun farko, wannan ya halatta a wurin jumhurun malamai, domin farashin hidima ne ba rance ba. Amma tarar da ke ƙaruwa saboda jinkirin biya, ita ce ribar jahiliyya da kanta. Sai a karanta wannan sharaɗi kafin sa hannu.

Hanyoyin samun kuɗin, daga mafi aminci

1. Tari da jinkiri. Mai ajiye 25,000 duk wata zai tara 450,000 a wata 18. A wannan lokaci yana iya shiga konkur sau ɗaya ko biyu.

2. Mai gidan aiki. Kilinik da ke bukatar mai lissafi tana iya biyan kuɗin kwas bisa sharaɗin ma'aikaci ya yi mata aiki na shekarun da aka ambata. Wannan ya halatta idan an fayyace wa'adin, da albashin, da abin da za a mayar idan ya tafi kafin lokaci. Kuma ita ce hanyar da ta fi tabbatar da cewa takardar za ta yi amfani.

3. Adashi. Mafi yawan malaman wannan zamani sun halatta shi idan kowa zai karɓi daidai abin da ya zuba. A tuna cewa wanda ya kwashi farko mai bashi ne har zagaye ya ƙare.

4. Rance mai kyau daga dangi, ko abokan kasuwa, ko asusun masallaci.

5. Zakka da waƙafi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa matalauta da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka, kuma malamai da yawa sun halatta ba ɗalibi matalauci abin da zai ishe shi neman ilimi mai amfani. Amma ba a cin bashi da gangan da nufin zakka ta biya.

6. Tallafin gwamnati. Asusun FONER, da aka kafa a 1994, ya daɗe yana ba ɗaliban jami'a taimako da rance. Shekaru da dama taimakon 175,000 ne a shekara, rancen kuma 225,000, ana biyansa bayan an fara aiki. Taimakon kyauta ne, babu matsala a cikinsa. Rancen kuwa, a karanta takardarsa a ga ko an sharɗanta ƙari. An tsara wannan asusu ne don karatun jami'a, ba don gajerun kwasa-kwasai ba. A Najeriya, dokar 2024 da ta kafa NELFUND ta sa rancen ɗalibai babu ruwa, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Wannan ya nuna abu ne mai yiwuwa ga hukuma idan ta so.

7. Sashen Musulunci na banki, irin Baraka na Coris Bank. Sunan kaɗai bai isa ba. A tambaya wane irin ƙulli ne: shin bankin ne ke sayen hidimar karatun daga makaranta ya sayar wa ɗalibi da farashi tsayayye, ko kuɗi yake miƙawa a mayar da ƙari? A kuma gwada jimlar abin da za a biya, domin ciniki yana iya zama halal kuma ya yi tsada fiye da ƙarfin mutum.

A rubuta, ko da tsakanin wa da ƙane ne

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yawancin rigingimun da ake kawowa gaban limamai sun taso ne daga kuɗin da mai bayarwa ya ɗauka rance, mai karɓa ya ɗauka kyauta. Takardar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, ranar fara biya, abin da za a biya duk wata, abin da za a yi idan aiki bai samu ba, da sa hannun shaidu biyu. A fayyace wane ne mai bashin: uba ne ko ɗa? Idan uba ya ranta da sunansa, a kansa yake, kuma daga gadonsa za a fitar kafin a raba. Idan ɗalibar matar aure ce, a san ko ita ce za ta biya daga albashinta ko mijinta ya ɗauka. Kada a jinginar da takardar fili ko gidan da iyali ke ciki saboda kwas na shekara ɗaya. Shi kuma mai bayarwa ya tuna aya ta 280, wadda ta yi umarni da saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri.

Bashi da amanar aiki

Wannan sana'a tana da wani haɗari da ya keɓanta da ita. Mai gudanar da asibiti yana zaune ne tsakanin akwatin kuɗi, da siton magani, da 'yan kwangila. Wanda ya fara aiki alhali rabin albashinsa na mai bin bashi ne, shaiɗan ya samu ƙofa a kansa: rasit na bogi, sayar da maganin da aka ware kyauta ga mata da yara, karɓar kaso daga mai kawo kaya. Lokacin da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa. Kuɗin asibiti kuɗin marasa lafiya ne, kuma wanda aka hana magani saboda an karkatar da shi yana iya rasa ransa. Sauƙin bashi tun farko yana daga cikin abin da ke tsare amana daga baya.

Tambayoyi bakwai kafin biyan kuɗi

1. Makarantar tana da izinin buɗewa daga ma'aikatar da ta dace, kuma an ga takardar da ido?
2. Wace irin takarda za a bayar, kuma wa ya amince da wannan fannin musamman?
3. Wane aiki ne takamaimai take buɗewa, kuma an ga sanarwar ɗaukar aiki da ta ambace ta?
4. Tsofaffin ɗalibai uku, ina suke, nawa suke samu?
5. Makaranta ce ke samo wurin sitaj ko ɗalibi?
6. Idan aka bari a tsakiya saboda ciwo ko haihuwa ko canjin wurin aiki, me ake mayarwa?
7. Idan shekara ta wuce babu ƙarin albashi, da me za a biya bashin?

A taƙaice, gajeren kwas ya fi amfanar wanda ya riga yana cikin aikin lafiya, kamar mai jinya da aka ba shugabancin CSPS, ko akanta na kilinik, ko ma'ajin COGES, domin takardar tana hawa kan gogewar da yake da ita. Matashin da ya fito da bak bai taɓa aiki ba, konkur da lisans da aka amince da shi sun fi masa. Wanda ya fito daga makarantar Arabiyya ko ta Faransanci da Larabci, ya fara ƙarfafa Faransancinsa na rubutu da lissafi da aikin kwamfuta, domin da su ake yin aikin ofis kullum, kuma kuɗin koyonsu kaɗan ne. Wanda ya kasa amsa tambaya ta bakwai, ya dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan lissafi ya fito, an yi shawara da masana aikin, an samu hanyar kuɗi mai tsarki, sai a yi istihara a shiga da niyyar yi wa bayin Allah hidima da neman halal. Muna kira ga kwamitocin masallatanmu da 'yan kasuwarmu su kafa asusun rance maras ruwa na ɗalibai, mai littafi da shaidu da mai bincike, domin hana riba ba ya cika sai an buɗe wa matasa wata ƙofa.

Allah ne mafi sani. Allah Ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.